Ƙafa da Ido da Harshe: Yadda Wayon Jariri Yake Tasowa Gaba Ɗaya

A gidan suna ko a layin awo na asibiti, tambayoyin da ake yi wa mai goyo kusan ɗaya ne a ko'ina. Wuyansa ya tsaya? Ya fara zama? Yana rarrafe? Ya iya kiran Baba? Kowace tambaya a ware ake yin ta, a ware kuma ake ba da amsarta, sai ka ce ƙafafun yaro suna da nasu lokacin, bakinsa yana da nasa, shi kuma wayo yana can cikin kai yana jiran ranar fitowarsa. Littattafan reno ma sun daɗe a kan wannan tsari: babi ɗaya na motsin jiki, ɗaya na magana, ɗaya na tunani, ɗaya na sabo da mutane. Rabon yana sauƙaƙa wa marubuci aiki, yana kuma taimaka wa ma'aikaciyar lafiya mai cike kati, amma shi jaririn bai san da zamansa ba. Binciken da masana suka tara tun daga shekarun 1980 yana nuna cewa waɗannan abubuwa tare suke tasowa, kowanne yana buɗe wa ɗan'uwansa hanya ko ya tare masa ita. Zama yana sauya abin da ido yake gani, rarrafe yana sauya abin da yaro yake shakka, tafiya tana sauya irin maganar da uwa take yi masa, motsin harshe kuma yana shiga cikin abin da kunne yake ji. Tufkar igiya ce, babu silin da za ka ja sauran ba su motsa ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Idan aka riƙe sabon jariri a tsaye, tafin ƙafarsa yana taɓa ƙasa, zai riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tafiya. Wajen wata 2 sai abin ya ɓace, ba ya dawowa sai can da yaro ya kusa fara tatata. Bayanin da aka daɗe ana koyarwa shi ne, sashen ƙwaƙwalwa na sama ne ya fara ƙosawa, ya danne wannan motsi da aka haifi yaro da shi. Esther Thelen, wata masaniya 'yar Amurka da ta yi yawancin aikinta a Jami'ar Indiana, ta lura da abin da ya ƙi zama daidai da wannan bayani. Jaririn da ya daina takawa a tsaye, in aka kwantar da shi rigingine yana ta harba ƙafafu, kuma lanƙwasar gaɓoɓin iri ɗaya ce da ta takawar. Me zai sa ƙwaƙwalwa ta hana abu a tsaye ta ƙyale shi a kwance? A 1984 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Sun tsoma jarirai a ruwa har zuwa ƙirji, sai takawar ta ƙaru. Sun ɗaura wa ƙafafunsu ɗan nauyi daidai da ƙibar da za su yi a makonni masu zuwa, sai ta ragu. Ashe a watannin farko kitse yana riga tsoka taruwa, ƙafar ta yi wa mai ita nauyin ɗagawa a tsaye. Abin da aka ɗauka umarni ne daga kai ya zama lissafi tsakanin ƙiba da ƙarfin tsoka da yadda aka riƙe yaron.

Wani zai ce ai wannan maganar ƙafa ce, ina ruwanta da tunani. To, ga gwajin da ya fi kowanne suna a fagen tunanin jarirai. Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan da ya rasu a 1980, ya gina babban sashe na iliminsa a kan zura wa 'ya'yansa uku ido tun suna cikin tsumma. Ya lura cewa idan ka ɓoye abin wasa a ƙarƙashin ƙyalle a gefen dama na yaro ɗan wata 8 zuwa 10, zai ɗaga ƙyallen ya ɗauka. Ka maimaita sau da yawa, yana samowa. Sannan, a kan idonsa, ka ɓoye abin a ƙarƙashin wani ƙyallen a hagu. Sai ya miƙa hannu dama, inda ya saba. Piaget ya fassara wannan da cewa yaron bai gama gane abu yana da zaman kansa ba, yana ganin kamar miƙa hannunsa ne yake fito da shi. A 1985 Adele Diamond ta bi wasu jarirai tana gwada su duk bayan mako biyu, ta gano cewa kuskuren ya dogara da tsawon jiran da aka sa yaro ya yi kafin a bar shi ya miƙa hannu. Ɗan wata 7 da rabi, jiran daƙiƙa 2 ya isa ya rikita shi, ɗan wata 12 kuwa sai jiran ya kai daƙiƙa 10. Ta danganta hakan da ƙosawar sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda yake riƙe abu a rai na ɗan lokaci, yake kuma taka wa hannu birki.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce magana ta koma cikin kai. Amma a 1999 Linda Smith da Thelen da abokan aikinsu suka sake jujjuya gwajin. Sun bar jarirai a zaune suna samo abin a dama, da aka zo ɓoyewa a hagu sai suka miƙar da su tsaye. Kuskuren ya ragu ƙwarai. Ƙwaƙwalwar yaron ba ta ƙara ƙosawa a cikin daƙiƙun da aka ɗaga shi ba, kuma babu wanda ya yi masa darasi a kan zaman abubuwa. Jikinsa ne ya bar yanayin da ya saba miƙa hannu a cikinsa, sabon ya sake shi. Sun kuma nuna cewa ko ba a ɓoye komai ba, aka ajiye murafe biyu kawai ana kaɗa wa yaro ɗaya, kuskuren yana nan. Bayan haka, a 2008, wasu masana a Budapest ta ƙasar Hangari suka ƙara wani abu: idan mai ɓoye abin yana kallon idon yaron, yana kiransa, yana masa murmushi, kuskuren ya fi yawa, idan kuwa ya yi ɓoyon ba tare da ya kula shi ba, sai ya ragu sosai. Kamar dai yaron yana ɗaukar kallon da kiran a matsayin koyarwa, wato an nuna masa cewa nan ne ma'ajiyar abin. Kuskure ɗaya ke nan, amma riƙon abu a rai yana da hannu a ciki, sabon da hannu ya yi yana da hannu, zama ko tsayuwa suna da hannu, fuskar babban da ke gabansa ma haka. Duk wanda ya ɗauki ɗaya ya ce ita ce dalili, ya faɗi gaskiya amma bai faɗe ta duka ba.

Zama shi ne babban juyi na farko da iyaye suke gani, kuma ribarsa ta wuce ta baya da ƙugu. Jaririn da yake kwance, ko yake tokare da hannuwa don kada ya kife, ba shi da hannun da zai yi bincike da shi. Ranar da ya zauna da kansa hannuwa biyu sun samu 'yanci: ya ɗauki ludayi, ya juya shi, ya mayar da shi ɗaya hannun, ya kai baki, ya fitar ya sake dubawa. A 2010 Kasey Soska da Karen Adolph da Scott Johnson suka gwada jarirai 'yan wata 4 da rabi zuwa 7 da rabi don su ga ko suna tsammanin abin da aka nuna musu ta gaba yana da baya cikakke, ko kuwa holoƙo ne. Abin da ya fi nuna wanda zai gane shi ne daɗewarsa da iya zama da yawan jujjuya abu a hannu yana kallo, fiye da yawan kwanakinsa a duniya. Mu manya mun ɗauka sanin cewa tulu yana da bayan da ba ma gani abu ne na ido kawai. A wurin jariri, da hannu ake koyonsa, hannun kuma sai gindi ya zauna yake samun sarari.

Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma a wurin jariri maganar ta fara aiki tun daga rarrafe. A 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk suka ƙera wani tebur mai gilashi a sama, rabinsa da daɓe nan kusa a ƙarƙashin gilashin, rabin kuma daɓen yana can ƙasa, yadda ido zai ga kamar rami. Yawancin jarirai masu rarrafe sun ƙi haye gefen ramin ko da uwa tana kira. An so a ce da wannan shakkar ake haihuwar ɗan Adam, sai Joseph Campos da abokan aikinsa suka nuna ba haka ba ne. Jaririn da bai fara rarrafe ba, in aka sauke shi a kan gefen mai zurfi, bugun zuciyarsa raguwa yake yi, alamar abin ya ba shi sha'awa. Sa'ansa da ya yi makonni yana rarrafe, bugun nasa ƙaruwa yake yi. Waɗanda ba su iya rarrafe ba amma aka sa su a keken koyon tafiya suka yi ta yawo da kansu, su ma sun fara nuna irin wannan ɗar-ɗar. Dama tun 1963 Richard Held da Alan Hein sun ga makamancin haka a 'ya'yan kyanwa da aka rena cikin duhu, ana fito da su haske biyu-biyu: ɗaya yana tafiya da ƙafarsa, ɗaya yana cikin ɗan kwando da tafiyar na farkon take ja. Abin da suka gani da ido ɗaya ne, amma wanda ya taka da kansa ne kaɗai ya iya kauce wa rami. Gani ba ya zama sani sai mai ganin ne ya jawo sauyin abin da yake gani da motsin kansa.

Karen Adolph ta Jami'ar New York ta ƙara wani abu da ya kamata duk mai ɗaki da dakali ko matakala ya sani. Abin da yaro ya koya a zaune ba ya bin sa zuwa rarrafe, na rarrafe kuma ba ya bin sa zuwa tafiya. Ɗan wata 9 da ya ƙware a zama, in aka sa abin wasa a hayin wani gibi, ya san iyakar inda zai miƙa ba tare da ya faɗa ba. Shi ɗin dai, in aka ɗora shi a kan gwiwa da hannu, sai ya afka gibin kai tsaye. Wanda ya gama sanin gangaren da zai iya sauka da rarrafe, makon da ya miƙe sai ya koma ɗan koyo, ya tunkari gangaren da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka Adolph take ganin kalmar tsoro ba ta dace da abin ba. Yaron yana koyon auna jikinsa ne da wurin da yake ciki, in jikin ya sauya tsayuwa kuwa, awon ya tashi. Koyon kuma ba na wasa ba ne: a wata ƙidaya da ita da abokan aikinta suka buga a 2012, yara 'yan wata 12 zuwa 19 suna yin taku 2,368 a matsakaici cikin awa ɗaya ta wasa, suna faɗuwa sau 17.

A wannan teburin gilashin ne kuma aka ga inda mutane suke shigowa. A 1985 James Sorce da abokan aikinsa suka rage zurfin ramin zuwa santimita 30, yadda ɗan shekara ɗaya zai rasa tabbas, ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Da iyaye mata suka nuna fuskar tsoro, cikin yara 17 babu ko ɗaya da ya haye. Da suka nuna fara'a, 14 cikin 19 suka haye. Idonsa ya ga zurfi, ƙafarsa ta san faɗuwa, amma hukuncin ƙarshe a fuskar uwa ya karanto shi. Miƙewa tsaye kuwa tana ƙara ɗaure wannan alaƙa. Da aka ɗaura wa yara ƙananan kyamarori a ka, an ga mai rarrafe yawanci daɓe yake kallo, mai tafiya kuma yana hango ɗaki duka da mutanen da ke ciki. Hannuwansa sun sake samun 'yanci, sai ya ɗauko murfin kwano ya kawo wa uwa. Lana Karasik da abokan aikinta sun nuna cewa amsar da uwa take ba yaron da ya tako ya kawo mata abu ta bambanta da wadda take ba wanda ya ɗaga abu daga inda yake zaune: na farkon ya fi samun magana mai aiki a ciki, irin su buɗe shi, kai wa yayarka, sa a ciki. A 2014 Eric Walle da Campos suka ruwaito cewa yaran da suka fara tafiya sun fi sa'anninsu masu rarrafe yawan kalmomin da suke ganewa da waɗanda suke faɗa, aka kuma sake ganin haka a yaran birnin Shanghai na ƙasar Sin. Ba ƙafa ce take magana ba, ita dai tana kai yaro inda za a yi masa magana ne, da abin maganar a hannunsa.

Shi kansa jin magana bai tsaya a kunne ba. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jaririn gidan masu Turanci, a wata 6 zuwa 8, yana bambance sautukan harshen Hindi da iyayensa ba sa jin bambancinsu, amma kafin ya cika shekara wannan baiwar ta dushe, kunnensa ya karkata ga harshen gida. Ta wannan hanyar ce ɗan Hausa yake riƙe bambancin da ke tsakanin d da ɗ, ko k da ƙ, wanda yake wahalar da baƙon da ya koyi harshen da girma. A 2015, a Jami'ar British Columbia ta Kanada, Alison Bruderer da Werker suka sa wa 'yan wata 6 robar cizo a baki yayin da suke sauraren wasu sautukan Hindi biyu da ake furtawa da kan harshe. Robar da ta danne kan harshen ta hana su jin bambancin, wadda ta bar harshen yana motsi ba ta hana ba. Yaran da ko gwaranci ba su gama iyawa ba, harshensu yana taya kunnensu saurare. Patricia Kuhl kuma, a birnin Seattle a 2003, ta sa aka yi wa jariran Amurka 'yan wata 9 zama 12 da masu jin Sinanci suna musu wasa da karatu. Sun riƙe sautukan Sinancin. Waɗanda aka nuna wa mutanen nan a talabijin, ko aka sa musu muryarsu kawai, ba su tsinci komai ba.

Akwai masu ja da wannan fahimta, kuma hujjarsu ba ta raini ba ce. Ta farko ita ce jarirai sun san abubuwa tun kafin su iya zama, balle rarrafe. A 1987 Renée Baillargeon ta nuna wa 'yan wata 3 da rabi zuwa 4 da rabi wani allo yana kifawa baya, kamar ya ratsa ta cikin akwatin da aka ajiye a bayansa. Sun fi daɗewa suna kallon wannan abin da ba zai yiwu ba, alamar suna tsammanin akwatin yana nan ko da ba sa ganinsa. A 1992 Karen Wynn ta ruwaito cewa 'yan wata 5 suna ƙura ido in aka sa 'yartsana ɗaya a bayan labule, aka ƙara ɗaya, aka buɗe aka ga ɗaya tak. Daga irin waɗannan ne Elizabeth Spelke da wasu suka kafa ra'ayin cewa ana haihuwar ɗan Adam da wani tushen sani a kan abubuwa da adadi da masu rai. Ana iya karɓar wannan duka ba tare da an saki maganar farko ba. Babu mai cewa jariri fanko yake zuwa. Tambayar ita ce, in ɗan wata 4 ya san akwatin yana nan, me ya sa sai wajen wata 8 yake ɗaga ƙyalle ya ɗauko abin da aka rufe, kuma me ya sa bayan nan ma yake miƙa hannu inda babu shi? Tsammanin da ido yake nunawa da sanin da mutum zai yi aiki da shi, akwai watanni a tsakaninsu, kuma abin da yake cike watannin shi ne haɗuwar ido da hannu da riƙon abu a rai da iya danne sabo.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. In motsi yana gina tunani, yaya za a yi da yaran da ba su samu motsin ba amma hankalinsu garau? A ƙarshen shekarun 1950 maganin talidomaid da aka ba mata masu ciki ya sa an haifi dubban yara da guntayen hannuwa ko ƙafafu, kuma Thérèse Gouin-Décarie da ta bi wasu daga cikinsu a Kanada ta ga sun gane zaman abubuwa kamar sauran yara. Wayne Dennis ya ruwaito a 1940 cewa 'ya'yan ƙabilar Hopi ta Amurka da ake ɗaurewa a kan allon goyo sun fara tafiya lokaci ɗaya da waɗanda ba a ɗaure ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2006, a kan yara daga Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, ya nuna kashi 4.3 cikin 100 ba su taɓa rarrafe da gwiwa da hannu ba, kuma lafiyayyen yaro yana iya fara tafiya tun daga wata 8.2 har zuwa 17.6. Wannan ya rushe duk wata da'awar cewa tilas sai an bi ta rarrafe kafin a yi wayo, kuma ya kamata ya kwantar da hankalin uwar da ɗanta jan gindi yake yi. Amma in an duba da kyau, goyon bayan maganar haɗuwa yake yi. Abin da yake tafiya a kan hanya ɗaya tak, in an tare hanyar ya tsaya. Abin da sassa da yawa suke ɗauke da shi kuwa, in ɗaya ya gaza sauran suna kewayawa: marar hannu ya yi bincike da ƙafa da baki, jaririn da yake tasowa cikin maganar hannu ta kurame ya yi gwarancinsa da yatsu, kamar yadda Laura Petitto ta nuna a 1991. Selma Fraiberg, da ta yi shekaru tana bin jarirai makafi a Michigan, ta ga suna zama a kan lokaci amma rarrafe yana musu jinkiri, ba sa tashi sai sun koyi miƙa hannu wajen abin da suka ji ƙararsa. Ƙafarsu lafiya lau take, dalilin tashi ne babu, har sai kunne ya karɓi aikin ido.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa wataƙila yaron da ya riga tafiya ya riga magana ne don komai nasa da wuri yake zuwa, ba don ɗaya ta jawo ɗaya ba. Wannan gargaɗi ne mai kyau, kuma a kan tafiya da yawan kalmomi wasu masu binciken da suka biyo baya ba su ga alaƙar da ƙarfin da aka fara ruwaitowa ba. Yawancin gwaje-gwajen nan ma a kan yara kaɗan aka yi su, galibi 'ya'yan masu hali a biranen Amurka da Turai. Sai dai tsoma ƙafa a ruwa, da miƙar da yaro tsaye, da robar cizo, da sauya fuskar uwa, duk ba jiran girma aka yi ba. An taɓa abu ɗaya ne a take, wani abu dabam ya sauya a take. Aikin Charles Super a wurin Kipsigis na Kenya a 1976 shi ma ya nuna hannun reno: iyaye suna koya wa jarirai zama da tafiya da gangan, yaran kuma suna riga na Amurka da kusan wata guda a waɗannan biyun, amma ba sa riga su a rarrafe, wanda ba a koya musu.

Wannan ya kawo mu gida. Goyo yana ba jariri abubuwa da yawa da keken turawa ba ya ba shi: ɗumin jiki, jijjigar da take ƙarfafa wuya da baya, da kallon duniya daga tsayin babba, a tsakar gida da kasuwa da gidan biki. Abin da ba ya ba shi shi ne hannu a sake da ƙasa a gabansa, da fuskar mai goyon. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a tsare jariri wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, ta kuma ambaci goyo a baya cikin misalanta, tare da son a riƙa kifa wanda bai fara motsawa ba a kan cikinsa na aƙalla minti 30 a yini, a rarrabe, yana farke. Uwar da take daka da wanki da girki ba za ta riƙa duba agogo ba, kuma ɗora mata laifi rashin adalci ne. Amma shimfiɗa tabarma a inuwa, a ajiye yaro da ƙoƙo da murfi, yayyensa suna kusa, ba ya cin ko kwabo. Keken koyon tafiya kuwa, duk da rawar da ya taka a gwajin Campos, Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yawan faɗuwa da ƙuna, kuma a gidan da ake girki a ƙasa hatsarin ya fi haka. Wayar da ake miƙa wa jariri don ya yi shiru, gwajin Kuhl ya riga ya faɗi abin da za a samu daga gare ta. Akwai kuma kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa a gaban mutane. A babban gida wannan ba ya barin gibi, don kaka da goggo da matan gida suna nan suna cashe shi, kuma babu abin da ya nuna dole sai uwa ce za ta riƙa amsa wa yaro. Inda abin dubawa yake shi ne gidan haya a birni, daga mata sai miji, an taho da kunyar an baro kakar a ƙauye.

Inda wannan fahimta ta fi tsada shi ne wajen tamowa. Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 57. An saba cewa yunwa tana taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye, kuma haka ne, amma tana da hanya ta biyu. Yaron da ba shi da kuzari ba ya rarrafawa ya ɗauko, ba ya kawo wa kowa komai, ba ya yawan gwaranci, sai a yi ta goyonsa ana cewa ba shi da rigima, magana da shi ta ragu. A shekarun 1980, a unguwannin talakawa na Kingston ta Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24, suka kasa su huɗu. Wasu ana ba su madara duk mako, wasu ana kai musu ziyarar wasa, wasu duka biyun, wasu kuma kulawar asibiti kawai. Bayan shekara 2 madarar ta yi amfani, wasan ya yi amfani, waɗanda suka samu duka biyun kuma suka kusa kamo yaran da ba su tsumbure ba. Da aka ci gaba da bin su, tasirin madarar ya dushe, na wasan ya zauna, har a 2014 aka buga cewa bayan shekara 20 waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na rukunin da ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100. Wannan ba ya nufin wasa zai maye gurbin abinci, yaron da ba shi da ƙarfi ai ba zai yi wasan ba. Masu ziyarar kuwa ba likitoci ba ne, ma'aikatan lafiya ne na unguwa. Awa ɗaya suke yi a mako, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida, suna nuna wa uwa yadda za ta riƙa faɗin sunan abin da yaron ya ɗauka, ta amsa in ya yi sauti, ta yaba masa in ya gwada.